Kira ga Hukuma: A Tallafa wa Ma'aikatan Talabijin na Arlit da Aka Hana Biza

Zuwa ga mai girma Ministan Harkokin Waje, mai girma Ministan Sadarwa, da mai girma Gwamnan Jihar Agadez.



Muna kawo kukanmu a madadin masu sana'ar talabijin na Arlit da Akokan: masu ɗaukar hoto, masu ɗaukar sauti, masu haɗa hotuna da masu shirya shirye-shirye. Kukan na wanda ya samu aiki ko horo a waje ne, ya nemi bizar ƙwararru aka hana shi, lokacin ɗaukaka ƙara kuma ya ƙure yana ta fafutukar haɗa takardu.

Za mu kafa misali da Faransa, domin harshen aiki ya sa gayyata kan fito daga can. Tun 2016 dokarta ta tanadi izinin zama na masu gwaninta, wanda kan kai shekara 4, kuma masu sana'ar fasaha da al'adu suna ciki. Wanda aka hana bizar dogon zama ba ya zarcewa kotu. Dole ya fara rubuta wa hukumar sauraron ƙorafin biza da ke birnin Nantes, da Faransanci, da hujjoji, da sa hannunsa. Daga Janairun 2023 an rage wa'adin zuwa kwana 30. Idan hukumar ta yi wata 2 ba ta amsa ba, shirun nan ƙi ne a idon doka, daga nan sai kotun Nantes, cikin wata 2 ita ma.

Haƙƙin yana nan a rubuce, ranku ya daɗe, sai dai ɗan Arlit ba ya kai gare shi cikin sauƙi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a farkon Janairun 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. Mai nema yanzu sai ya bar Arlit, ya sha ramukan hanyar Agadez da Tawa, ya ci fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga Yamai, sannan ya tsallaka wata ƙasa ya ajiye fasfonsa, yana biyan masauki yana jira. Kuɗin bizar kaɗai yuro 99 ne, wajen jaka 65, kuma ba a mayarwa. Amsar ƙin kan zo a takarda guda, an ɗiga alama a gaban dalili: bayanan ba su cika ba, ko ba abin dogaro ba ne, ko ana zargin yana da wata niyya ba aikin ba. Tun daga ranar ake fara lissafin kwana 30, shi kuwa yana cikin mota a hanyar gida, guzuri ya ƙare.

Ba mu zo mu ce a sauya matsayin ƙasa ba. Abin da ke tsakanin gwamnatoci ya fi ƙarfinmu, kuma kowace ƙasa tana da ikon ƙofarta. Wani ɓangare na matsalar a gida yake, kuma ikon gyara shi yana hannunku.

A dubi dosiyen mai kamera na garinmu. Ya yi shekaru yana ɗaukar bikin Bianou a Agadez, da taron makiyaya na Ingal, da bikin Aïr a Iferuwan, yana aika hotuna Yamai. Ana biyansa hannu da hannu. Ba kwantiragi, ba takardar albashi, ba lamba a asusun fanshon ma'aikata na CNSS, sau da yawa ko sunansa ba ya fita a ƙarshen shiri. Duk gari ya san gwani ne, amma jami'in da ke zaune a Nantes takarda yake karantawa, kuma takardar ba ta ce komai ba. Ƙarar da ba ta zo da sabuwar hujja ba, sau da yawa faɗuwa take yi.

Saboda haka muke roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, a samar da shaidar sana'a ga masu aikin bayan kamera, kamar yadda ɗan jarida ke da katinsa, a kuma riƙa bayar da ita a Agadez ba sai an je Yamai ba. Makarantar koyar da aikin jarida (tsohuwar IFTIC) da cibiyar silima ta ƙasa suna da masanan da za su tantance wanda ya koyi aikin a fage.

Na biyu, a sa ido kan gidajen talabijin, na gwamnati da masu zaman kansu, su riƙa rubuta kwantiragi ko na aikin kwana uku ne, su kuma ba da takardar shaidar aiki ga wanda ya nema.

Na uku, a ware jami'i masanin doka a fadar gwamna, mai kai ziyara Arlit, wanda zai karanta wa mutum dalilin ƙin, ya taya shi rubuta ƙara, ya tabbata ta tafi kafin wa'adi.

Na huɗu, a buɗe wasu ƙofofin. Burkina Faso na da bikin fina-finai na FESPACO, Kano na da Kannywood da tashar Arewa24, Aljeriya kuma maƙwabciyarmu ce. Yarjejeniyar horo da musayar ma'aikata da waɗannan wurare za ta sa ƙin ƙasa guda ya daina kashe wa matashi zuciya.

Wani zai ce taimaka wa gwani ya fita asara ce ga ƙasa. Tarihinmu bai nuna haka ba. Oumarou Ganda a Abijan ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch, ya dawo gida ya yi fim, a 1972 kuma ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO. Ga kuma Arlit kanta. Tun da SOMAÏR ta fara fitar da uraniyom a 1971, baƙi ne suka fi ba da labarinmu. Da Amina Weira, ɗiyar ma'aikacin ma'adini, ta fitar da fim ɗinta a 2016 kan ƙurar garin da ƙarafunan kamfani da ke shiga gidaje, duniya ta ji daga bakin mai ɗaki, wanda shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu da kamfanin uraniyom na COMINAK ya rufe a Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, SOMAÏR kuma ta dawo hannun ƙasa a Yunin 2025, muna buƙatar ƴaƴan gida da suka ƙware wajen nuna wa duniya abin da ke gudana.

Akwai kuma abin tsoro. Mu ne ke ganin waɗanda ake saukewa a iyakar Assamaka bayan an koro su daga arewa. Matashin da ya bi hanyar doka ya ga ba mai tsaya masa, ba wuya ya sayar da kamerarsa ya shiga motar sahara. Bai kamata a bar shi ya kai nan saboda rashin takarda guda da ofishi zai iya bugawa cikin yini ɗaya ba.

Muna fata za a duba wannan kuka da idon rahama, a kuma ba mu damar zama da wakilanku a Arlit domin ƙarin bayani. Allah ya yi muku jagora, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da yalwar arziki.

Naku cikin ladabi da biyayya,
Wani mai aikin talabijin, a madadin abokan sana'arsa na Arlit da Akokan.