Jinjina ga Sarjan, amma da sauran rina a kaba

Ranar da ɗan ƙanwata Sarjan ya dawo Yekuwa bayan ya ajiye kaki, kabu-kabu biyu suka ɗauke shi da duk abin da ya mallaka: akwatin ƙarfe, katifa naɗe da igiya, rediyo, sai wata baƙar jaka da ya rataya a wuya. Yara suka ruga suka karɓe kaya, amma jakar nan ya hana kowa taɓa ta. Uwarsa ta zaci kuɗin sallama ne a ciki. Sai da dare, bayan masu barka da zuwa sun watse, ya zazzage ta a kan tabarma yana haska min da tocila. Takardu ne, kowace a cikin ledarta don gudun gara da ruwa.

"Kawu, wannan ita ce gonata ta biyu," in ji shi.

Ya riƙa ɗaga min su ɗaya bayan ɗaya. Ga rahoton da komandansu ya rubuta a makon da motarsu ta taka nakiya a wata hanya ta jihar Diffa, da kwanan wata da sunan wurin da sa hannu. Ga takardar likitan da ya fara duba shi. Ga hoton ƙashin gwiwa, wanda ya ɗora a kan hasken tocila har na ga ƙusoshin da aka ɗaure shi da su. Ga sakamakon awon kunne. Ta ƙarshe ita ce ta kwamitin likitocin soja, inda aka yanke yawan nakasarsa kashi kaza cikin ɗari. Duk wannan ya haɗa shi ne tun yana cikin bariki, watanni kafin a sallame shi.

Yabon gwani ya zama dole, kuma a kan takardun nan nake jinjina masa. Jarumtarsa a fagen daga ba ni na gani ba, akwai waɗanda suka fi ni cancantar ba da labarinta. Abin da na sani shi ne irin nauyin da ke kan ɗan ƙasarmu kafin ya buɗe baki ya ce yana jin ciwo. Mun tashi ana koya mana cewa namiji ba ya raki. Yaron da aka yi wa kaciya bai yi kuka ba shi ake yi wa kirari, wanda kunama ta harba a gona ya ci gaba da noma shi ne ɗan babansa. Bariki kuwa ta ɗauki wannan tarbiyya ta ninka ta. Sojan da ya cika zuwa wurin likita sai a fara kiransa rago, shi ma yana tsoron kada a tsallake shi wajen ƙarin galo, ko a cire sunansa daga fita aiki. Sai ya sayi ƙwaya wurin mai tebur ya haɗiye, ya ɗaure gwiwa da tsumma a ƙarƙashin wando, ya shiga layi. Ran sallama littafin lafiyarsa fes, ba ko ɗigon alƙalami. Ga mai duba takarda, ma'anar wannan ita ce mutumin ya shiga lafiya ya fita lafiya.

A nan ne da yawa suke yin asara ba su sani ba. Fanshon shekarun aiki daban, haƙƙin nakasa daban. Na farko lissafin shekaru ne da muƙami. Na biyu ya rataya ne a kan tambaya guda: aikin soja ne ya jawo wannan ciwo? Tsarin da rundunonin ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka suka taso a kansa yana da tushe a dokar Faransa ta 31 ga Maris 1919, wadda aka yi bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da garuruwansu suka cika da guragu da makafi. Ita ta mayar da diyyar rauni haƙƙi, ta kuma sa a riƙa auna nakasa kashi cikin ɗari. Amma awon ba ya yiwuwa sai da shaidar da ta haɗa raunin da aiki. Muddin kana cikin kaki, shaidar tana kusa: komandan da ya tura ka yana ofishinsa, likitan da ya ɗinke ka yana nan, abokan da suka ciro ka daga mota kuna cin tuwo tare. Ka bari shekara uku ta wuce, an yi wa komanda canjin wuri, likita ya tafi karatu, abokai wasu sun watse wasu sun riga mu gidan gaskiya. Sai ka tsaya gaban tebur da gwiwa a kumbure, a tambaye ka, ta yaya za a san ba daga kan babur ka faɗo ba tsakanin Magarya da Yekuwa? Tambayar tana da zafi, amma mai yin ta bai yi laifi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko Amurka, da duk kwamfutocinta, ta gane haka. Suna da tsarin da soja zai shigar da buƙatarsa tun saura kwana 180 zuwa 90 ya bar aiki, a duba shi yana cikin kaki, domin hukunci ya fito jim kaɗan bayan sallama. Kuma ciwon da tsofaffin sojojinsu suka fi karɓar diyya a kansa ba yankewar ƙafa ba ne, ƙarar da ba ta yankewa a cikin kunne ce. Sarjan ɗinmu ma yana da ita. Ya ce kamar gyare ne ya tare a kansa.

Abin da ya sa takardun nan suka taɓa ni haka, tun ina yaro na san wata jakar irinta. A unguwarmu akwai wani tsoho da ya yi wa Faransa aikin soja. Baba Soja muke ce masa. Yana da gwangwanin biskit da yake ajiye lambobinsa da wani littafi da ya yi laushi kamar tsumma. Idan lokacin biya ya zo sai ya sa tsohuwar rigarsa ya nufi Damagaram, ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. A lokacin mun ɗauka haka abin yake. Sai da na girma na karanta dalili. A watan Disamba 1959, ana gab da ba mu mulkin kai, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka. Na Bafaranshe yana hawa da tsadar rayuwa, na ɗan Afirka da suka kwana rami ɗaya yana tsaye inda aka bar shi. Sai a ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa mai duba ayyukan gwamnati ta yanke hukunci a ƙarar wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadu Diop, cewa wannan wariya ce, shi kuwa mai ƙarar ya riga ya rasu. Aka daidaita fanshon nakasa a 2007, sauran kuma daga farkon 2011. Ko a nan ma da sharaɗi: a zagayen na 2011 sai wanda ya rubuta ya nema. Baba Soja bai kai ko ɗaya daga cikin shekarun nan ba. Gwangwanin ban san inda ya shiga ba. Tun kafin wannan doka ma, a Tiyaroy kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suka nemi a biya su bashin albashinsu kafin a sallame su, aka buɗe masu wuta. Su ma sun san cewa in suka watse zuwa ƙauyukansu, shi ke nan.

To, Sarjan, ka yi abin kirki. Amma da sauran rina a kaba, kuma zan fara da kai.

Ka iya haɗa dosiyenka ne saboda ka yi lakwal har ka iya karanta Faransancin ofis, kuma Allah ya haɗa ka da komandan da bai yi nauyin hannu ba wajen rubuta rahoto. Yara nawa ne daga Yekuwa da Kwaya da Sassumburum, da can ɓangaren Dungas da aka yanke daga Magarya a 2011, suke cikin kaki yanzu ba su san rahoton nan yana da amfani ba? Suna zuwa hutu, kana ganinsu ranar kasuwa. Wanda ka ga yana ɗingishi, ko yana juyo maka da kunne ɗaya in kana magana, kada ka tsaya a sannu. Ka ja shi gefe ka tambaye shi ko an rubuta. Ka nuna masa abin da zai nema, ka ce ya yi kwafi ya aiko gida, kada ya miƙa takardar asali ga kowa ba tare da ya karɓi shaidar karɓa ba. Maganar da ba za su ji daga bakina ba, ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, za su ji ta daga naka.

Mu dangi ma muna da namu. Aure da yawa a nan a ƙofar gida ake ɗaura shi, a raba goro, a watse, ba wanda ya taka ofishin magajin gari. Ƴaƴa kuma wasu sai za su shiga makaranta ake neman takardar haihuwarsu. Ranar da ta Allah ta kasance, matar soja da marayunsa da waɗannan takardu za su nemi haƙƙinsu, shaidar liman da ta maƙwabta ba ta isa ita kaɗai. Sannan idan kuɗin baya suka fito a dunƙule, mu ji tsoron Allah. Kuɗin gwiwa ne da kunne, kada kowa ya taso da bikinsa da bashinsa.

Hukuma kuwa nata ya fi yawa. Mun haddace adadin waɗanda suka kwanta dama: 46 a tsibirin Karamga a Afrilu 2015, 71 a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, 89 a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020. An sassauto da tuta, an yi zaman makoki, kuma sun cancanci fiye da haka. Amma kowane irin wannan hari yana barin waɗanda aka kwaso da rai, su kuwa ba a karanta sunayensu a rediyo. Tun Oktoba 2023 akwai asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wanda talaka ma yake zuba nasa ta ɗan abin da ake cirewa a kuɗin waya. Mai sayar da rake a Magarya da ya biya wannan kuɗi yana da damar ya tambaya nawa ne rabon sojan da ya dawo da ƙafa ɗaya. A babbar asibitin Damagaram akwai sashen haɗa ƙafafun roba da ƙungiyar agaji ta CICR ta tallafa wa, abin a yaba ne. Sai dai ƙafar roba tana cinyewa, balle a cikin rairayin gonakinmu, kuma dungun ƙafa yana sauya siffa, dole bayan ƴan shekaru a sake wata. Wa zai biya motar zuwa da ta dawowa?

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Kada a sallami soja sai likita ya duba shi daga kai har ƙafa, ko ya nema ko bai nema ba, domin a ɗauke masa nauyin kunyar nan. A zaunar da shi a bayyana masa haƙƙinsa da harshen da yake mafarki da shi. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, to a fara da takardar da gurgun soja zai sa wa hannu. Kuma abin da za a iya gamawa a Damagaram a gama shi a can. Daga Magarya zuwa Damagaram kimanin kilomita 90 ne, daga can zuwa Yamai kusan 900. Mai ƙusa a gwiwa ya san tsawon hanyar nan fiye da direba.

Saura magana ɗaya, wadda na daɗe ina juya ta kafin in rubuta, kuma sai da na nemi izinin Sarjan. A cikin jakar nan babu takardar da ta ambaci barci. Matarsa ce ta gaya wa tawa cewa ba ya runtsawa sai gab da asuba, kuma ranar da tayar amalanke ta fashe a bayan gida, sai a ƙarƙashin rumbu ta same shi yana rawar jiki. Mutumin da ya iya kai gwiwarsa gaban kwamiti ya kasa kai wannan. Uwarsa ta karɓo rubutu wurin malam, yana sha, ban hana ba. Amma likitoci sun san wannan ciwo, yana da suna, yana da magani, kuma shi ma yaƙi ne ya haife shi.

Na same shi a gona a gindin gawo, ya miƙe ƙafar a kan kututture, na faɗa masa haka. Ya daɗe yana tonon ƙasa da kara.

"Kawu, in na faɗa za a ce na taɓu."

Na ce da gwiwar ma an ce maka rago, ga shi yau ita ke sayen taki. Ya yi dariya kaɗan, ya ce to, a bari sai an ɗaure gero.

An ɗaure gero makon jiya. Na riga na yi wa direban motar Damagaram magana ya ajiye mana gidan gaba ranar Litinin, saboda ƙafar ba ta lanƙwasuwa a baya.