Makanta Ba Baiwa Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta ishe ni, wai duk wanda Allah ya rufe wa ido sai ya buɗe masa zuciya. Da an faɗi haka sai a kawo Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. To, makafi nawa ne a ƙasar Hausa, Namangi nawa? Karatu ya yi gaban malamai, ya sha wuyarsa. Ba makanta ce ta tsara masa baiti ba.

Ku shiga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, ku dubi igiyar da aka san makafin Kano da tufkarta. Hannu ne ya goge shekara da shekaru, don mun toshe musu sauran hanyoyi, sai ita sai bara. Mu muka ƙuntata su, sa'an nan mu dawo muna yabon basirarsu!

Yabon nan araha gare shi, shi ya sa muke sonsa. Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Malamanmu masu wannan magana, makafi nawa ke ajinku? Littattafan rubutun makafi nawa ke laburarenmu?