Nawa Aka Ba Shi?

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Kunchi zuwa Makoɗa da Ɗambatta, da wuya ka ga daji tsakanin gari da gari. Gona na jingine da gona, iyakar wani da wani ba ta wuce layin gamba ko shingen aguwa ba. A irin wannan zama ba a ɓoye abu. Idan Bamaguje ya musulunta, ko ya fara zuwa coci, ko ɗan gidan Kirista ya karɓi kalmar shahada, kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya gama gari. Tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane kuwa ɗaya ce, a masallaci ne ko a majami'a: "Nawa aka ba shi?" In ba ita ba, sai a ce, "Wace yarinya yake nema?"

Wannan tambaya tana damuna, domin tana yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ba. Zan ɗauko misali daga nesa, daga wasu makaɗa Yahudawa da suka ce sun gaskata Yesu, wato Annabi Isa (AS), shi ne Almasihu. Na zaɓi makaɗa ne saboda makaɗi daga hannun jama'a yake ci. Ribar da ya samu ko asarar da ya tafka wajen sauya addini a fili take, kowa na iya ƙirgawa.

Sai dai mu fara gyara zance. Yahudawa har gobe suna jiran Almasihu, ba su yarda Isa ɗan Maryam ne shi ba. Mu Musulmi Alƙur'ani ya kira mana shi Almasihu, Manzon Allah da aka haifa ba uba, amma ba mu ce ɗan Allah ne ba, ba mu kuma ce an gicciye shi ba. Kiristoci sun ce duka biyun. Ni Musulmi ne, inda waɗannan makaɗa suka sauka ba nan na tsaya ba. Abin da nake nema a labarinsu shi ne yadda mutane suka yi da su.

Bob Dylan ne ya fi shahara. Sunansa na yanka Robert Zimmerman, an haife shi a 1941 a garin Duluth na jihar Minnesota a Amurka, jikan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Tun cikin shekarun 1960 waƙoƙinsa na ƙin yaƙi da ƙin wariyar launin fata suka shiga bakin matasan ƙasarsa. A ƙarshen 1978, aurensa bai daɗe da mutuwa ba, yana tsakiyar rangadin wasa, wani ɗan kallo a San Diego ya jefo ƙaramin gicciye na azurfa kan dandamali. Ya sunkuya ya ɗauka, ya jefa a aljihu. Daga baya shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida cewa yana cikin wani ɗaki ya ji Yesu na tare da shi, har jikinsa ya ɗauki rawa. A farkon 1979 mutumin da duniya ta sani ya koma ɗan makaranta, ya yi wata 3 yana ɗaukar karatun Littafi Mai Tsarki a wata majami'ar Vineyard a Kaliforniya. A watan Agustan shekarar ya fitar da faifan Slow Train Coming.

Faifan ya yi kasuwa, waƙa ɗaya daga cikinsa ma ta ci masa kyautar Grammy a 1980, don haka mai neman hujjar cewa kuɗi ya bi zai iya tsayawa a nan. Amma ya dubi abin da ya biyo baya. A watan Nuwamba na 1979 Dylan ya yi dare 14 yana wasa a gidan Warfield da ke San Faransisko, bai rera ko ɗaya daga tsofaffin waƙoƙin da suka ɗaga shi ba, sai na sabon imaninsa. A Tempe ta jihar Arizona 'yan kallo suka yi ta masa ihu suna neman tsohon kiɗa, shi kuwa ya tsaya yana musu wa'azi. Mawaƙi John Lennon ya tsara waƙar mayar masa da martani. Faifan da ya fitar a 1980, Saved, bai kama ƙafar na baya ba a kasuwa. Ka ɗauka makaɗin noma ne aka gayyato wurin gayya, samari sun jeru da garma suna jiran kirarinsu, shi kuwa ya rataya ganga ya ce daga yau ba ya kiran sunan kowa sai na Ubangijinsa. Wa zai sake aika masa da goron gayyata? Mutumin da yake neman liƙi ba ya yin haka.

Ba a kuma gama da shi a nan ba. A 1983 an ga hotonsa a gindin bangon da Yahudawa ke ibada a birnin Ƙudus, aka ce ya koma gida. A 1997 ya yi waƙa a gaban Fafaroma John Paul na Biyu a Bologna ta Italiya, aka ce bai koma ba. Har ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2016 ɓangarorin biyu na jan rigarsa, kowa na cewa nasa ne, alhali zuciyar tana ƙirjin mai ita.

Zafin da Yahudawa da yawa suka ji game da shi yana da tushe, kuma adalci ne a faɗe shi. Ƙarnoni da dama a Turai da sunan Yesu ake korarsu, da sunansa ake tilasta musu baftisma. A 1492 Sifen ta ce Bayahude ya zaɓa, ko ya zama Kirista ko ya bar ƙasar. A 1497 Fotugal ta yi musu baftismar dole. A ƙarni na 20 gwamnatin Hitler ta hallaka musu mutum miliyan 6 a tsakiyar nahiyar da ke kiran kanta ta Kirista. Saboda haka uwar da ɗanta ya zo ya ce mata ya bi Yesu ba maganar aƙida kaɗai take ji ba, ji take ɗanta ya tsallaka wurin waɗanda suka zubar da jinin kakanninsa. Kotun Ƙolin Isra'ila ma a 1962 ta hana Oswald Rufeisen, Bayahuden da ya zama limamin Katolika, zama ɗan ƙasa ta ƙofar da doka ta buɗe wa Yahudawa masu komawa. Wanda ya taɓa ganin tsohuwar Bamagujiya tana kuka ranar da ɗanta ya daina cin yankan tsafin gidansu zai gane irin wannan ciwo.

To, ba kuma kowa ne Dylan ba. Gustav Mahler, babban mai tsara kiɗa kuma jagoran makaɗa, an yi masa baftisma a cocin Katolika a watan Fabrairu na 1897, kuma kafin shekarar ta ƙare ya zama shugaban gidan wasan waƙe na fadar Biyana, babban birnin Ostiriya, kujerar da Bayahude ba ya hawa a lokacin. A nan tambayar 'yan ƙauyenmu tana da wurin zama. Amma laifin wa ya fi girma, wanda ya sunkuya ya shiga, ko waɗanda suka gina ƙofar a gajarce? Shigar ma ba ta saya masa salama ba, jaridun masu ƙin Yahudawa ba su bar shi ya huta ba har ya sauka a 1907. Makaɗi Felix Mendelssohn kuwa yana ɗan shekara 7 aka yi masa baftisma a 1816, ya rayu Kirista, shi ya farfaɗo da babban kiɗan makaɗi Bach na labarin wahalar Yesu a 1829. Duk da haka a 1936 'yan Nazi suka tumɓuke mutum-mutuminsa a Leipzig, don a wurinsu Bayahude ne har abada.

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Wanda ya sauya addini zargi biyu yake sha. Gidan da ya baro su ce ya sayar da kansa, gidan da ya shigo su riƙa dubansa a kaikaice. Ranar da Bamaguje ya musulunta muna kabbara, a ɗinka masa riga, a raɗa masa suna. Bayan shekara 20, yana sahun gaba a masallaci, ɗansa ya zo neman aure, sai a koma ɗaki a yi ƙasa da murya a ce, "Ai ɗan tubabbe ne." Wannan abin kunya ne a kanmu. Bahaushen da ya zama Kirista shi ma yana da nasa kukan: a gari a ce ya zubar da Hausancinsa, a wasu majami'un birni kuma a riƙa tsarguwa da shi saboda riga da hula da harshensa.

Manzon Allah (SAW) ya riga ya rufe mana ƙofar bincikar zuciya. Usama ɗan Zaidu ya cim ma wani mutum a fagen fama, mutumin ya furta kalmar shahada, Usama ya kashe shi, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi faɗa. Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba. Idan a bakin takobi ba a yarda a yi wa mutum wannan zato ba, ina hujjar mai zaune a gindin darbejiya yana lissafin buhunan da aka ba wani?

Masu saye suna nan, ban musa ba. Duk wanda ya jira tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, ya shiga unguwar talakawa da buhun masara a hannu ɗaya da littafinsa a ɗaya hannun, ya ce sai an karɓi wannan za a sami wancan, ya ci amanar addinin da yake wa aiki, ɗan mishan ne ko ɗan da'awa. Mai yunwa a ba shi abinci don yana jin yunwa. A kan mai rabon ya kamata fushinmu ya sauka, amma mun fi son sauke shi a kan mai karɓa, don shi ne marar gata.

A karkara kuma horon da ake yi wa irin wannan mutum ba ya bukatar sanda. A karɓe gonar aro ana gab da shuka. A daina kiransa gayya, a daina zuwa tasa. Matarsa ta je rijiya a yi shiru. In makaɗi ne, kalangunsa ya kwana a rataye duk kakar biki. Maganar gado tana da hukuncinta a shari'a, ba ita nake taɓawa ba. Amma gaisuwa da dubiya da ciniki da ja masa ruwa ranar gobara, wane littafi ne ya soke su? Mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana kan shirkarta, Asma'u ta tambayi Annabi, ya ce ta sada zumunci da uwarta. Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na san inda maganar ta fi nauyi, wato Musulmin da ya fita. Zuciyata tana ɓaci in na ji, kuma littattafan fiƙihu sun yi dogon bayani a kan ridda. Sai dai babu malamin kirki da ya taɓa miƙa wannan al'amari ga matasan unguwa da gorori, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sauya addini. Abin da ya rage a hannun ɗan'uwa da maƙwabci shi ne nasiha da hujja da addu'a, kuma duka ukun sai da kusanci suke yiwuwa.

Kano ta taɓa gwada ɗaya hanyar. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, cikin shekarun 1860, an yi wani Malam Ibrahim a birni wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga fifita shi fiye da yadda malaman gari suka yarda. Ya tara almajirai, ana kiransu Isawa, wasu na ce musu Bani Isra'ila ko da yake Hausawa ne. An nemi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Kisan bai dawo da almajiransa gaban malamai ba. Warwatsuwa suka yi zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau, nesa da zaurukan da za a iya zama da su a buɗe littafi a yi muhawara. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya ci mutane da yawa a can, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Daga cikin Kiristocin Hausawa na wannan yanki ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, haifaffen Anchau, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, 'ya'yan Musulmin Kano da yawa suka yi digiri a ƙarƙashinsa.