Wutar Sola Da Amanar Masu Haɗa Ta

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Tsafe, ta ratsa Gusau, ta nufi Bungudu a 'yan shekarun nan, idan ya ɗaga kai ya dubi rufin kwanon gidaje da shaguna, zai ga farantan sola jere suna shan rana, alhali kuwa a da sai a kan burtsatse ko ɗakin shan magani ake ganin irinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Satumbar 2021 gwamnatin jihar Zamfara ta haramta sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga, sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya shelanta janye tallafin mai, sai janareta ya gagari talaka, wutar da har yau muke kira ta Nefa kuma ba ta da alkawari.

Hasken rana ni'ima ce wadda Allah Maɗaukaki ya yalwata mana ba da kuɗinmu ba, amma abin da ke damuna shi ne algus da ya shiga sana'ar haɗa sola. Na san wani tela a Tudun Wada, wanda ya sayar da tumakin gidansa ya sayi faranti biyu da batir da inbata domin ya riƙa ɗinki da dare a ƙarshen azumi, aka haɗa masa da siririyar waya mai ɗaukar zafi, aka ba shi tsohon batir da aka wanke aka liƙa wa sabuwar takarda, ba wanda ya gaya masa cewa batirin ruwa idan ana tatse shi ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa, ko cewa dutsen guga ya fi ƙarfin kayansa. Damina ba ta faɗi ba batirin ya mutu. Hasali ma ko goge ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, wadda ke danne hasken da farantin ke sha, ba a koya masa ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa sana'ar da al'umma ba ta wadatuwa da barinta, koyonta farali ne na kifaya, kuma a ganina haɗa sola ya shiga wannan babi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara da ta tarayya a Ƙaura Namoda.

Ina roƙon gwamnatin Zamfara ta horar da samarinmu a waɗannan makarantu, ta ba su shaidar ƙwarewa, ta kuma wajabta wa mai sayar da batir ya rubuta wa mai saye wa'adin garanti. Kai kuma ɗan'uwa mai niyyar saye, ka fara lissafa fitilu da fankar da za ka kunna kafin ka taka kasuwa.