Kada Mu Raina Abin da Ke Hannunmu



Kaka ta yi, kuma ikilisiyoyinmu da yawa sun fara shirin bikin godiya da gidauniyar gini. Wata majami'a kwanon rufi take nema, wata gidan fasto ne damina ta cinye bangonsa, wata kuma albashin mai bishara na ƙauye ne ya taru wata da watanni. Mun san yadda abin yakan kasance. Sakatare zai tashi ya ce ana neman masu shiga kwamiti, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ranar taron kuma, wasu da ba su taɓa fashin sujada ba za su zauna a gida a ce ba su jin daɗi.

Ba rowa ce ke hana yawancinsu ba. Matar da ta ɓuya ranar gidauniya ita ce ke fara kai tuwo idan an yi baƙo ko rasuwa. Raina kai ne. Wannan ya ce bai yi boko ba, ina shi ina kwamitin kuɗi. Wancan ya ce naira 500 ce da shi, da wane ido zai fito bayan babban baƙo ya ambaci dubu ɗari biyu a lasifika? Akwai kuma ɗan'uwan da danginsa suka juya masa baya saboda bangaskiya, ikilisiya ta riƙe shi, shi kuwa ya ɗauka wanda ake taimako ba ya bayarwa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba mu tausayi, gama yana zaune a gidan Ubansa kamar ɗan haya.

Cutar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ɗaya ba. Ikilisiya gaba ɗaya takan kamu da ita. Muna yawan cewa mu 'yan tsiraru ne, manoma ne, ba mu da manya a gwamnati. Saboda haka sai mu buga katin gayyata mu aika wa 'yan siyasa, mu yi hayar rumfa da kujeru, mu zauna har la'asar muna jiran wanda ba zai zo ba, ko kuwa ya zo ya yi alkawarin da ba za a ƙara jin labarinsa ba. Ba mu ce neman taimako laifi ne ba. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A duba Nehemiya sura 3. An jera sunayen waɗanda suka gyara garun Urushalima, a ciki har da maƙeran zinariya, da masu yin turare, da wani shugaba mai suna Shallum tare da 'ya'yansa mata. Ba magina ba ne, amma da yawa sun kama gefen da ke daura da gidajensu, aka gama aikin cikin kwana 52. Waɗanda aka rubuta cewa sun ƙi sa hannu, manyan mutanen Tekowa ne. A 2 Korintiyawa sura 8 ma, ikilisiyoyin Makidoniya, waɗanda ke cikin tsanani da talauci, su ne suka roƙi Bulus ya bar su su shiga gudunmawar tsarkaka na Urushalima. Roƙo suka yi a karɓa, ba a bi su gida gida ba.

Tarihinmu na nan gida ma bai goyi bayan wannan tsoro ba. Ƙungiyar EMS, wadda ke aika masu bishara 'yan ƙasa, ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1940, tun kafin ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma baikon masu bi na ƙasar nan ne ya riƙe ta. Masu ba da baikon nan yawancinsu manoma ne irinmu, da matan Zumunta masu ƙulla kwabo a bakin zane. Can nesa kuma, a jihar Mizoram ta ƙasar Indiya, tun 1910 matan ikilisiya suka ɗauki al'adar ware shinkafa cikin hannu ɗaya duk lokacin da za su ɗora tukunya. A tara, a kai majami'a, a sayar, kuɗin ya shiga aikin Ubangiji. Babu lasifika, babu babban baƙo.

Bari mu yi lissafi da namu ma'aunin. A ce ikilisiya tana da gida 30, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta dawa ko masara a wata. A shekara an sami tiya 360, watau buhu 9 ke nan a inda buhu ke ɗaukar tiya 40. Idan aka ajiye har farashi ya tashi da damina, kowane dattijo ya san bandir nawa na kwano wannan zai saya a garinsu. Ga kuma gayya, wadda muka gada kaka da kakanni: masu buga tubali, masu ɗebo ruwa da yashi, kafinta da zai ba da kwana biyu kyauta. Duk wannan baiko ne, ya kamata ya shiga littafi kamar yadda kuɗi ke shiga.

Sai dai, dattawanmu, a yi mana haƙuri, akwai gyaran da ke wuyanku. Ba daidai ba ne mu ce wa mutum ya daina raina kansa, sa'an nan mu tsara taro yadda zai rainu. Kiran suna da adadin kuɗi, a tafa wa wani da ƙarfi, wani kuma a yi shiru, wannan ba daga Markus sura 12 muka koye shi ba, inda Yesu ya zauna daura da baitulmali ya yaba wa gwauruwa mai anini biyu. Wanda yake so a ambaci nasa, to, amma a ajiye ambulan ko akwati domin sauran.

Haka kuma maganar rahoto. Mutum yakan ƙara jin cewa nasa ba kome ba ne idan bai taɓa jin inda ya tafi ba. Bulus da kansa bai yarda ya riƙe kuɗin gudunmawa shi kaɗai ba, ya sa ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya shiga cikin hidimar, don kada a sami abin zargi. A karanta rahoton kuɗi da Hausa, a gaban jama'a, bayan kowane wata uku, a faɗi buhun siminti nawa aka saya da abin da ya rage.

A kwamitin bana, muna roƙo a sa aƙalla mace ɗaya daga Zumuntar Mata da matashi ɗaya, ko da ba su taɓa riƙe muƙami ba. Matar da ke riƙe adashin unguwa shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta iya lissafi, ko ta iya Turanci ko ba ta iya ba. Ba za ta ɗaga hannu da kanta ba. Dattijo ne zai je har gida ya yi sallama ya roƙe ta.