Zauren Uwargida: Katin Barka da Sallah Mai Kama da Ɗinkin Hannu

 Yau mun ajiye tukunya da ludayi, mun ɗauko kwali da zare. Amma bari in fara ba ku labarin abin da ya jawo hakan.

A ƙaramar Sallar da ta wuce, saƙonnin barka da Sallah da suka shigo wayata ta WhatsApp sun fi hamsin. Kusan duk hoto ɗaya ne, masallaci da jinjirin wata, wannan ya tura wa wancan. Kafin kwana uku na goge su saboda waya ta cika. Innarmu kuwa, da ke zaune a ƙauyenmu can wajen Zango, ko ɗaya bai kai gare ta ba. Wayarta ƙarama ce mai madannai, ga ido ya yi rauni. Matar da ta yi mana kayan ɗaki da kuɗin ɗinkin hula, yau ko zare ba ta iya zurawa a kafar allura. Da muka je gaishe ta, jikokinta suna ta nuna mata hotuna a waya, ita kuma tana cewa "Allah ya yi albarka", alhali na san ba abin da take gani sai haske. Abin ya tsaya mini a rai.

Shi ya sa na zauna da 'yata mai shekara tara muka yi wa Inna katin gaisuwa wanda za ta iya shafawa da hannu. Yarinyar ba ta isa ɗinki na sosai ba, ni kuma, kunya ko ba kunya, ban gaji hannun Inna ba. Sai muka yi kwaikwayon ɗinki, wato zanen da idan aka kalle shi sai a rantse allura ce ta bi ta wurin.

Kayan aikin duk suna cikin gida ko bakin titi. Ki samu kwali mai ɗan kauri irin wanda 'yan makaranta ke zane a kai, ko bayan tsohon katin gayyatar biki. Sai fensir, rula, almakashi, biro mai launi, farin gam irin na kafintoci, tsinken sakace, allura mai ɗan kauri, da guntun soson katifa. Zare kuwa, ki roƙi telanku ragowar zaren aikin wuya, ba zai hana ki ba. Idan kwalin girman takardar A4 ne, ki raba shi biyu, ki ninke kowane rabi. Kin samu kati biyu ke nan, kowanne kusan santimita 10 da rabi a faɗi, 15 a tsawo.

Kafin komai sai zaɓen zane, kuma mu mutanen Daura ba mu da uzurin zuwa intanet neman furen Turawa. Ki buɗe akwatin maigida ki ɗauko babbar riga. Ga aska biyu, ga aska takwas, wato dogayen zanen nan masu tsini da ke gangarowa a gaban riga. Ga tambari, da'irar nan mai nannaɗewa kamar an naɗe igiya. Ga kuma dagi, wanda muke gani a jikin gine-gine da huluna da kayan fata. Wanda ya fi sauƙi ga yaro shi ne aska, domin layuka ne miƙaƙƙu da rula za ta fitar. Dagi a bar wa manya, yana da rikitarwa wajen sanin layin da zai hau da wanda zai shige ƙasa.

Hanya ta farko ita ce ta biro. Ki zana siffar da fensir a hankali, kada ki danna. Ki buɗe katin, ki ɗora fuskarsa a kan soso, ki bi layin da allura kina huda ƙananan ramuka, tsakanin kowanne da ɗan uwansa kamar milimita 3 zuwa 4, wato kwatankwacin rabin ƙwayar shinkafa. Sai yaro ya ɗauki biro ya ja ɗan gajeren layi daga rami zuwa rami, ya tsallake ɗaya, ya sake ja. Ramukan nan su ne sirrin aikin, domin su ke sa ido ya ɗauka cewa zare ne ya shiga ya fito. In ana son cike cikin askar, sai a jera gajerun layuka a karkace, kusa da kusa, duk su fuskanci gefe ɗaya kamar yadda zare ke kwanciya a wuyan riga. Idan biron ya bushe sarai, a goge fensirin. Farin biro a kan kwali shuɗi mai duhu yana fitowa kamar farin aiki a kan rigar da ta sha baba.

Hanya ta biyu ita ce ta manna zare, kuma ita muka yi wa Inna tunda ita ce ke da tudu a hannu. Bayan an huda ramukan, sai a tsoma tsinken sakace a gam, a shafa siririn layi wanda bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, a kwantar da zare a kai, a danna da ɗaya bakin tsinken. A haka za a bi har a zagaye. Bakin zaren na farko da na ƙarshe a tura su cikin rami su fita ta baya, sannan a manna wata farar takarda ta ciki ta rufe su. A nan za a rubuta gaisuwa. In gam ya sha iska, a sa katin ƙarƙashin littafi mai nauyi ya kwana.

Kada ki yi kuskuren da na yi. Katin farko na zuba gam kamar ina zuba miya, kwalin ya jiƙe ya kumbura, zaren ya yi baƙi da dattin hannu. Kaɗan ya isa, kuma a wanke hannu kafin a fara. Gam ɗin nan mai kama yatsa nan take kada ya kusanci yara. Huda kuma aikin uwa ne. Ki ƙirga allurarki kafin a fara da bayan an gama, musamman in akwai mai rarrafe a gidan. Sannan ina ba da shawarar kada a rubuta aya a jikin katin, tunda ba mu san inda zai ƙare ba. "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana" da sunan yaro da hannunsa ya wadatar.

Ranar da muka kai, Inna ta karɓi katin ta juya shi, sai yatsanta ya faɗa kan zaren. Ta yi shiru tana bin sa daga sama har ƙasa. Can ta ce, "Ke kishiya, zo nan. Wa ya koya miki ƙirga? Bakwai na ji, ina ta takwas ɗin?" Yarinyar ta ce, "Kaka, wuri ne ya ƙare." Inna ta yi dariyar da na daɗe ban ji ta yi ba, ta sa aka ɗauko mata wata tsohuwar hula a ƙasan kwalla, ta kama yatsan jikarta tana bi da shi kan ɗinkin, tana gaya mata cewa mai aiki yakan auna wuri tun kafin ya soka allura. Sun fi awa guda a haka. Ni da na girma a ɗakinta ban taɓa zama na saurari wannan karatu ba. Katin yana nan a saƙale bayan madubinta, duk wadda ta shigo sai an nuna mata.

Aika gaisuwa da zare ba sabon abu ba ne a duniya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojojin da ke fagen daga a Faransa sun riƙa aika wa iyayensu da matansu katuna masu ɗinkin siliki, har yau ana ajiye da su a gidajen tarihi. Mu ma da yawanmu mun tuna zamanin da ake sayen katin Sallah a kai gidan waya, ko a cike katin zaɓi sonka a jira jin suna a rediyo. Waya ta sauƙaƙa zumunci, ba mu raina ta ba. Sai dai akwai tsofaffi a Baure, da Sandamu, da Mai'aduwa, da cikin garin Daura, waɗanda wannan sauƙin ya tsallake su.

Ga babbar Sallah tana tafe. In Allah ya kai mu, idan kika kai yara kallon hawan Sallah ko hawan Magajiya, ki ce su duba wuyan rigunan mahaya da kayan dawakai, kowa ya riƙe zane ɗaya a kansa, in an dawo gida ya zana. Wanda bai samu ba, ga Sallar Gani nan a watan Rabi'ul Awwal. Katin kuma bai tsaya ga Sallah ba, ana iya yi wa mai jego, ko mai saukar karatu, ko malamar Islamiyya.

Wadda ta gwada ta gaya mana a ƙasa wane zane ta yi, wa aka kai wa, kuma me ya ce. Idan akwai mai tsohuwa a gida da ta san sunayen zanen hula, don Allah ki tambaye ta ki rubuto mana, mu ƙaru da juna. Mu dai muna kan katin Inna na biyu, wannan karon da aska takwas cif.

Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda. A gaida yara.