Agogon milyar 10 da rumbun da ba gero

Yau zancen agogo na kawo muku. Na san wasu samari za su ji haushi. To, su ji.

Ga labari. Ran 26 ga watan Oktoba na 2017, a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, anka yi gwanjon agogon hannu guda. Gwanjo kun san shi. A ɗaga kaya, wannan ya taya, wancan ya ƙara, wanda ya fi kowa sa kuɗi shi ake sallama wa. Agogon ƙirar Rolex ne, na wani ɗan wasan silima mai suna Pol Niyuman. Na ƙarfe ne, ko zinariya ba a sa masa ba. Cikin minti 12 anka sallama shi a kan kuɗin Amurka dala miliyan 17 da ɗoriya. A kuɗinmu na sefa, kusan milyar 10 ke nan.

Ku da kunka koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ku ɗauki allo. Mu ce buhun gero jika 25 ne. Milyar 10 za ta sayi buhu 400,000. Wannan hatsi duka, mutum ɗaya ya ɗaura a tsintsiyar hannunsa.

A 2019 anka yi wanda ya fi wannan, a birnin Janeba na ƙasar Suwis. Agogo ƙirar Patek Philippe ya kai kuɗin Suwis miliyan 31, watau sama da milyar 18 na sefa. Gaskiya dai a faɗe ta, kuɗin wannan gwanjo an zuba su wajen neman maganin wata cuta mai shanye jikin yara. Wannan kam madalla.

To, mi ke cikin irin waɗannan agogai? Ba su aiki da batir. Akwai wata siririyar waya ta ƙarfe a naɗe cikinsu. In an murɗa, ta ɗaure. Tana warwarewa sannu sannu, tana juya ƙananan ƙafafu masu haƙora, su kuma su juya hannuwan agogo. Aiki ne na gwanaye, ban raina shi ba. Amma ku ji abin mamaki. Tun 1969, da kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fito da agogon hannu mai batir, an san mai batir ya fi wancan riƙe lokaci daidai. Watau agogon da ke kan teburin ɗan tireda a kasuwar Dogon Dutsi ya fi na milyar 10 faɗin gaskiya.

Ashe mai sayen nan suna ya saya. Yana so a ce shi kaɗai ke da irinsa a duniya. Wannan ita ce fahariya.

Kada ku yi masa dariya tukuna. Cutar nan tana gidanmu. Ku dubi abin da ke faruwa a Matankari, da Tibiri, da Gesheme, da sauran garuruwan Dallol Mauri. Yaro ya tafi cin rani Legas ko Kwatano ko Abijan. Ya yi wata 6 yana dako, yana kwana a rumfar kasuwa. Ya komo da agogo mai walƙiya, an rubuta Rolex a fuskarsa. Jabu ne, kowa ya sani. Yana tafe yana naɗe hannun riga don ƴan mata su gani. Uwarsa kuwa tana aron tiyar gero a maƙwabta.

Wani ma ko cin rani bai je ba. Kaka na yi, gero na araha, sai ya sussuke damma ya kai kasuwa, ya sayo agogo da babbar salula. Ɗan kasuwa ya ɓoye geron. In damina ta faɗi, rumbu ya yi fayau, sai manomin nan ya komo ya sayi geronsa da tsada. Ko kuma ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani.

Attajirin da ya sayi agogon nan ya fi mu wayo ta wuri guda. Ya ci ya ƙoshi kafin ya sayi agogo. In ya matsu kuma, zai mai da shi gwanjo, wani ya saya. Kai fa? Kai naka na jabu kasuwa ran da yaro ya kwanta da zazzaɓi, ka ji nawa za a taya. Akuya ko tunkiya da ka saya da kuɗin nan, da yanzu ta haihu.

Wani zai ce: «Kuɗina ne, gumina ne, ina ruwanka?» Da ruwana, ɗan uwa. Ran da rumbunka ya ƙare, ƙofata za ka buga, kuma ba ni iya hana ka. Tsofaffinmu sun ga yunwar 1973 da ta 1984. Mu ma mun ga wahalar 2005. Ku tambaye su ko akwai wanda ya dafa agogo ya ci.

Ban ce kowa ya jefar da agogonsa ba. Agogo na da amfani. Yana nuna maka lokacin shan magani, da lokacin shiga aji, da lokacin tashin mota. Sayi mai araha, ka koyi karanta shi, ka koya wa maiɗakinka. Sauran kuɗin a sa cikin rumbu, ko iri, ko dabba, ko littafin yaro. Daidai ruwa daidai tsaki.

Iyaye mata, ku ma da naku laifi. In saurayi ya zo neman ɗiyarku, ku bar duban hannunsa. Ku aika a dubo rumbunsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.